Yadda ake kamo matsalar canjin tul mai zuwa ta ɓace a injin CNC

Injin CNC, wato injin yankan ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, in ya tsaya cik bai cika ba ni wahala ba. Wanda ke hana ni barci shi ne wanda zai canja tul, wato bakin yankan da yake aiki da shi, lafiya lau tun safe, can bayan azahar ya tsaya da hannunsa mai musanya tul a tsakiyar hanya, ka danna RESET ya ci gaba kamar babu abin da ya faru, sai jibi ya sake. Mai shago zai kira ka, ka zo ka tsaya a kansa awa biyu, ya ƙi yi. Kana komawa gida waya ta biyo ka.

Na daɗe ina bin irin waɗannan injuna a nan Bauchi, wani lokaci har Gombe, kuma yawancinsu tsofaffi ne da aka sayo na hannu daga waje, masu kwantrola ta Fanuc. Saboda haka lambobin da zan kawo na Fanuc ne. In naka Haas ne ko Siemens ko Mitsubishi, hanyar binciken ɗaya ce, lambobin ne za ka nema a littafin injinka.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin ka taɓa komai. Makro, wato ɗan shirin da inji ke gudanarwa duk sanda ya ga M06, umarnin canjin tul, rubutu ne. Abin da aka rubuta jiya shi ne yau. In ya yi aiki sau ɗari ya faɗi a na ɗari da ɗaya, to akwai abin da ya canja a kewayensa: ko iska, ko wuta, ko sensa, ko lokacin isowar sigina, ko wata lamba da wani shiri ya bari a baya. Aikinka ka gano wanne ne. Yaran da ke zuwa mana koyon aiki daga foli, wato kwalejin fasaha, da zarar sun ga alam sai su buɗe makro su fara ƙara G04, umarnin ɗan jira, ko'ina. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Kayan da za ka tanada

Littafin rubutu da biro, kuma wannan ne kan gaba. Mita mai auna wuta, in da hali wadda ke riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da ta auna. Geji na iska mai kyau, ban da wanda ke jikin injin, don shi ma yakan yi ƙarya. Katin ajiya irin wanda kwantrolarka ke karɓa: tsofaffi katin CF ne da gidansa, sababbi suna karɓar filashi, wasu kuma sai da wayar RS232 da kwamfuta. Waya mai ɗaukar bidiyo. Tocila, tsumma mai tsabta, ɗan buroshi, makullan alanki da sifana. Sai littafin wayarin na injin da na makro.

In babu littafin wayarin, wanda sau da yawa ba ya biyo injin hannu, kada ka karaya. Duba bayan ƙofar akwatin wuta, akan manna takarda a wurin. In babu, za ka zana naka da kanka a mataki na 5.

1. Tsare kanka, sannan ka kwafe komai

Hannun canjin tul da ya tsaya a rabi yana iya ƙarasa juyinsa ba sallama da zarar siginar da yake jira ta iso. Kada ka sa hannu ko kai tsakanin sifindul, wanda ke riƙe tul yana juya shi, da magazin, ma'ajiyar tul-tul, sai ka danna jan maɓallin gaggawa. Ka tuna kuma akwai sauran iska a cikin silinda ko bayan an kashe wuta. In tul yana rataye rabi a ciki rabi a waje, sa katako a kan tebur a ƙarƙashinsa. Kowane kamfanin inji yana da tsarinsa na mayar da hannu gida, bi wannan. Kada ka kunna bawul da sukudireba kana kame-kame.

Bayan haka ka kwafi faramita (lambobin saitin inji), shirye-shiryen O9000 zuwa sama, bayanan PMC (sashen kwantrola mai kula da sensa da bawul), tsawon tul-tul da ma'ajin lambobin makro. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirye-shiryen O9000 zuwa O9999 a kulle suke zuwa, kuma makullinsu shi ne NE9, wato bit na 4 a faramita 3202. Sai ka kunna izinin rubuta faramita a shafin SETTING, inji zai ba da alam 100, wannan ba matsala ba ce, ka mayar da NE9 sifili. In babu kati babu kwamfuta, ɗauki hoton kowane shafi na makro da waya, layi bayan layi, ka tabbata ana iya karantawa. Na taɓa mayar da makro gaba ɗaya daga hotuna bayan batirin inji ya mutu.

2. Buɗe littafi, ka bar matsalar ta faɗi sunanta

Nan ne mutane ke gajiya, alhali nan ne rabin aikin. Ka ajiye littafi a jikin inji, ka roƙi mai aiki da shi kada ya danna RESET sai ya rubuta abubuwa shida: ƙarfe nawa, lambar alam da saƙonta, tul ɗin da ke fita da wanda ke shiga, shirin da ke gudana da layin da ya tsaya, inda hannu ko magazin ya tsaya, sannan wutar gari ce ko janareta. In rubutu zai yi masa nauyi, ya ɗauki hoton allo da hoton hannun, ya turo maka.

Ka duba tarihin alam a kwantrola, amma ka fara gwada agogonta da na wayarka, don da yawa agogonsu ya daɗe da kaucewa.

Bayan faɗuwa huɗu ko biyar za ka fara ganin zare. In kullum tul ɗaya ne, ka dubi tul ɗin da aljihunsa. In kullum shiri ɗaya ne, ka tafi mataki na 6. In da sassafe ne kawai, ka yi zargin maiko da ya daskare ko iskar da ba ta gama cika ba. In da tsakar rana ne a watan Maris ko Afrilu, ka taɓa akwatin wuta ka ji zafinsa, ka duba ko fankarsa na juyi da ko matatarta ta toshe da ƙurar hunturun da ya wuce.

3. Iska da wuta tukuna

Yawancin injunan nan da iska suke sakin tul, kuma galibi suna son bar 5 zuwa 6, amma ka duba abin da aka rubuta a jikin naka. Kuskuren da ake yi shi ne a kalli geji inji na tsaye a ce iska lafiya. Ka kalle shi a daidai lokacin da ake sakin tul, lokacin da iskar share bakin sifindul ke hurawa. In allura ta yi ƙasa sosai ta daɗe ba ta dawo ba, ga abokin zarginka. Ka lura kuma ko wani a shagon yana feshin fenti ko yana amfani da bindigar iska a kan layi ɗaya. Maganin wannan sau da yawa ƙaramin tanki ne kusa da inji, ko bututu mai faɗi.

Da damina ka buɗe ƙasan tankin kwamfreso kowace safiya. Ruwan da ke taruwa a nan yana bin bututu ya shiga bawul, ya sa shi nauyin motsi, yau ya buɗe a kan lokaci gobe ya makara.

Sai wuta. Sensa da rile da bawul galibi suna cin volt 24 na DC. Ɗora mita a kan wannan layin, ka sa ta riƙe mafi ƙanƙanta, ka bar ta wuni. In mitarka ba ta da wannan, jingina waya tana ɗaukar bidiyon fuskar mitar yayin da ake canjin tul, ka sa wani ya tayar da kwamfreso ko injin walda a lokacin.

Akwai wata da ta taɓa cinye mini kusan mako biyu a wani shago. Hannu yakan ƙi juyawa daidai, wata rana har ya nemi ya koma baya, kuma duk zuwana ba ya yi. Da na zauna da littafin, sai na ga duk faɗuwar a kan janareta take. Na tambayi yaron shagon ko an taɓa janaretan kwanan nan. Ya ce, "Oga, an kai shi gyara watan jiya, da aka dawo da shi mai wayarin ne ya sake ɗaura wayoyin." An musanya layi biyu cikin ukun. Motocin sabo (servo) masu tafiyar da X da Y da Z ba ruwansu da jerin layi, shi ya sa inji ke yanka lafiya, amma motar hannun canjin tul mota ce gama-gari mai layi uku, tana bin jerin da aka ba ta. Wayoyi biyu muka mayar wurinsu. Da mun taɓa makro da mun ƙara wa kanmu ciwo na biyu.

Ka duba wayar ƙasa ma. Da rani ƙasarmu takan bushe ƙarau, sandar da aka kafa ba ta aiki yadda ya kamata, hayaniyar wuta ta fara shiga siginoni.

4. Duba ƙarfe da ido da hannu

Ciro tul ɗin da littafi ya fi ambata. Dubi ƙusar ja da ke gindin mariƙinsa, wadda sifindul ke cafkewa. A mariƙin BT40 akwai mai kusurwa 45, da 60, da 90, kuma a ido suna kama da juna. Idan an sayo mariƙai daga wurare daban-daban, ba wuya ɗaya ya shigo da ƙusar da ba ta injin ba. Zai kama, amma ba zai zauna daidai ba, sensar kamu ta ce eh yau ta ce a'a gobe. Ka duba kuma ko ta kwance ko ta ci.

Shafa yatsa a cikin bakin sifindul, inji a kashe. Tsatsa ko busasshen ruwan sanyaya yanka yakan sa tul ya manne, musamman bayan doguwar yanka da ta ɗumama shi, sai ya fita da ƙara kamar an buɗe kwalba. Wannan ɗan jinkirin ya isa ya sa lokacin da aka ɗiba wa sakin ya ƙare. Duba yatsun hannu da sifirin (spring) ɗinsu, da aljihunan magazin masu tsagewa, da nauyin tul ko ya wuce abin da aka yarda.

Abu biyu suna da lamba a faramita: tsayin da Z ke tsayawa don canji, wanda galibi G30 ke kai shi kuma yana faramita 1241, da kusurwar da M19 ke tsayar da sifindul, wadda a yawancin injuna take 4077. In inji ya taɓa yin karo, ko bel ɗin sifindul ya saki, waɗannan sukan kauce kaɗan, hannu ya riƙa shiga da ƙyar. Rubuta tsohuwar lamba kafin ka canja ko ɗigo.

5. Kalli siginoni suna motsi

Makro ba shi ke juya hannu ba. Yana ba da umarni ne, PMC ta karɓa ta bi ladarta, wato shirin da ke cikinta, ta kunna bawul da mota, ta jira sensa, in ta gamsu ta mayar da siginar FIN, sannan makro ya wuce layi na gaba. Abin da za ka riƙe game da haruffa kaɗan ne: X abin da ke shigowa daga sensa da maɓalli, Y abin da ke fita zuwa bawul da rile, F daga CNC zuwa PMC, G daga PMC zuwa CNC. FIN tana G4.3.

Buɗe shafin siginonin PMC. In ba ka da littafin wayarin, sa wani ya kusanta sifana da fuskar kowace sensa, inji a kan maɓallin gaggawa, kai kana kallon wane X ne ya koma 1, kana rubutawa: tul ya kamu, tul ya saku, hannu na gida, aljihu a sama, aljihu a ƙasa, ƙidayar magazin. Cikin awa ɗaya ka sami taswirarka.

Yanzu ka girgiza. Kama wayar kowace sensa ka motsa ta a hankali tun daga kanta har inda ta shiga akwati, musamman inda take lanƙwasa kullum in Z na hawa da sauka. In lamba ta ƙifta, waya ta karye a cikin rigarta. Dubi fuskar sensar: ɓarɓashin ƙarfe yakan manne ya sa ta ga ƙarfe inda babu. Sensa mai kaurin M12 nisan jinta milimita 2 zuwa 4 ne kawai, saboda haka in an ɗaure ta a bakin iyakar jinta, ɗan zafi ko girgiza ya isa ya fitar da ita. Matso da ita ta zauna da sauran rata, ka ɗaure notinta biyu.

Ido ba ya kama ƙiftawar da ba ta kai daƙiƙa ba. Kwantrola da yawa suna da TRACE a cikin PMC: ka zaɓi siginoni, ta riƙa zana su, ka sa ta tsaya in alam ya taso. In taka ba ta da shi, bidiyo mai tafiyar hawainiya na waya yana taimakawa. Ka ɗauki allon da hannun a hoto ɗaya in zai yiwu.

6. Sai yanzu za ka buɗe makro

Fara da gano wane shiri M06 ke kira. Faramita 6071 zuwa 6079 suna kiran O9001 zuwa O9009, su kuma 6080 zuwa 6089 suna kiran O9020 zuwa O9029. Inda ka ga 6, nan ne. In babu 6 ko'ina, mai yiwuwa injinka lada ce kaɗai ke canja masa tul, ka koma mataki na 5.

Bambancin rukunin biyu yana da muhimmanci ƙwarai. Na 6080 yana buɗe wa makro sababbin ma'ajin lambobi, #1 zuwa #33, nasa na kansa. Na 6071 ba ya buɗewa, yana tarayya ne da shirin da ya kira shi. Ke nan in O9001 yana ajiye wani abu a #1, kuma shirin yankanka shi ma yana ƙidaya da #1, za su riƙa ɓata wa juna. Matsalar za ta fito a wannan shirin kaɗai, sauran duk lafiya. Haka #100 zuwa #199, waɗanda ke gogewa in an kashe wuta, da #500 zuwa #999, waɗanda ba sa gogewa: kowa na iya rubutu a cikinsu, har da shirye-shiryen na'urar awo in inji na da ita. Rubuta duk lambar da makro ya taɓa, ka neme ta a sauran shirye-shirye.

Na biyu, fanko da sifili. Ma'ajin da ba a taɓa sa masa komai ba fanko ne, kuma a wurin EQ (daidai da) da NE (ba daidai da ba) fanko daban yake da 0. Layi irin IF[#101 EQ 0]GOTO10 zai yi tsalle in #101 sifili ne, amma ba zai yi ba in fanko ne. A garin da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a wuni, wannan yakan fito a matsayin "canjin farko bayan an kunna inji". In littafinka ya nuna haka, ka san inda za ka duba.

Na uku shi ne wanda ya fi ruɗa mutane: karatun gaba. Kwantrola ba ta jira layi ya gama kafin ta karanta na gaba, kuma layukan lissafi na makro tana aiwatar da su da zarar ta karanta. Saboda haka layin da ke tambayar ko tul ya saku yana iya gudana tun Z bai iso ba. Amsar da zai samu ta danganta da yawan layukan da aka riga aka karanta, shi ya sa yau daidai gobe kuskure. Sau da yawa alamarsa ita ce: in ka kunna SINGLE BLOCK matsalar ta ɓace, ka kashe ta dawo. Maganinsa a tsayar da karatun gaba kafin layin tambayar. A Fanuc layi mai G53 yana yin haka, haka ma duk lambar M da aka rubuta a faramita 3411 zuwa 3420. A Haas G103 P1 ake sawa. Haka nan in shirin yanka yana kiran T, wato lambar tul, na gaba tun da wuri don magazin ya shirya, ka tabbata #4120 da makro ke karantawa na tul ɗin da ake nufi ne.

Na huɗu, halin da makro ya tarar da wanda ya bari. Makro mai kyau yana ajiye G90 ko G91, wato salon auna tafiyar inji, daga #4003 kafin ya yi G91 G30 Z0, ya mayar a ƙarshe. In an katse shi a tsakiya, wannan mayarwar ba ta faru ba, kuma teburin da ke cewa wane tul ke wane aljihu yana iya zama rabi sabo rabi tsoho. Bayan kowace katsewa ka gwada teburin da abin da idonka ya gani a magazin.

7. Ɗana tarko

In har yanzu ba ka kama ta ba, sa makro ya bar sawu. Zaɓi ma'ajin da ka tabbata babu mai amfani da su, misali #910 zuwa #913 in kwantrolarka tana da su. A farkon makro:

#910=#910+1
#911=#4120
#912=#3012

Na farko yana ƙidaya canji, na biyu lambar tul, na uku lokaci. Sannan bayan kowane babban mataki ka sa G53 a layinsa, ka bi shi da #913=1, na gaba #913=2, haka har ƙarshe. In ka manta G53, karatun gaba zai rubuta lambar ƙarshe tun ba a je ko'ina ba, tarkon ya yi maka ƙarya. In inji ya tsaya, #913 zai gaya maka matakin da ya kai.

Inda makro ke jiran sigina da G04 kawai, gara jira mai iyaka:

#3001=0
WHILE[#1000 NE 1]DO1
IF[#3001 GT 5000]GOTO900
END1

A can ƙasa, bayan M99 da ke rufe makro, ka sa N900 #3000=1(TUL BAI SAKU BA). #3001 agogo ne mai ƙirga kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ke nan 5000 daƙiƙa biyar ce. Amma #1000 misali ne kawai: abin da #1000 zuwa #1015 ke nufi ya danganta da yadda kamfanin injin ya haɗa su a lada, wasu ma ba su haɗa komai ba. Ka tabbatar a shafin siginoni kafin ka dogara da shi.

8. Gyara ɗaya, gwaji ɗaya

Canja abu guda, rubuta shi da kwanan wata, sannan ka gwada. In ka gyara sensa, ka ƙara iska, ka taɓa makro duk a rana ɗaya, ko matsalar ta tafi ba ka san me ya kore ta ba, in ta dawo kuma ka koma farko.

Rubuta ɗan shiri mai canja tul-tul a jere yana maimaitawa, ka haɗa da mafi nauyi da mafi tsawo da wanda ake zargi, ka sa sifindul ya ɗan juya tsakanin canji don ya ɗumama. Zagayen farko ka rage gudun G00 zuwa mafi ƙanƙanta, yatsanka a kan FEED HOLD. Yawan gwajin ya danganta da littafinka: in matsalar kan zo sau ɗaya cikin canji hamsin, canji sittin lafiya bai nuna komai ba, ni nakan ninka hamsin ɗin aƙalla sau biyar. Ka gwada a wutar gari, ka gwada a janareta, da safe da kuma tsakar rana.

In ya wuce, mayar da NE9 zuwa 1, kashe izinin rubuta faramita, sake kwafe komai a kati, ka rubuta kwanan wata a jikinsa, ka ajiye tsohon kwafin daban. Layukan tarko nakan bar su, ba sa cin komai. Littafin ma ya ci gaba da zama a jikin inji wata guda, kuma kafin ka tafi ka nuna wa mai aiki yadda zai buɗe shafin ma'ajin makro ya karanto maka #910 zuwa #913 ta waya.